Wai wa ya shiga daji ya ƙirga itatuwan? Fashin baƙi kan yadda masu binciken muhalli ke samo alƙalumansu

Duk sanda aka ce a rediyo wai bincike ya nuna kashi kaza na dajin wuri kaza ya ƙare, ko kifi ya ragu a gulbi, ko hamada na cin mita 600 duk shekara a arewacin Najeriya, sai ka ji majalisa ta ɗauka. Rannan a majalisarmu nan Birnin Kebbi wani dattijonmu ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "To su waɗanga 'yan boko, yaushe sunka shiga dajin sunka ƙidaya itacen? Ni dai ban ga kowa ba." Aka yi dariya, wani ya ce ai a ofis suke zama su rubuta abin da zai kawo masu kuɗin Turawa, wani kuma ya ce a'a yanzu komai tauraron ɗan'adam ke gani.

Tambayar Baba tana kan hanya fa. Kuma amsarta ita ce ba wanda ya ƙirga duka, ba ma wanda zai iya. Kaɗan ake ɗiba a auna, sai a yi lissafin saura da shi. Rigimar duk tana wajen ɗibar ne, wato ina aka ɗiba, wa ya zaɓi wurin, da wane lokaci aka je. Na ɗan taɓa wannan aiki a matsayin mai riƙe igiya da rubuta lamba, shi ya sa nake so in warware shi yadda na fahimta.

Samfur ɗin ma mene ne?

Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar hatsi ya riga ya san abin, sunan ne kawai bai sani ba. Mai sayen shanshera ko masara ba ya zazzage buhu ɗari ya duba ƙwaya ƙwaya, ƙarfen nan mai rami yake soka wa buhu, 'yan ƙwayoyi su zubo masa a tafin hannu, ya duba, ya ɗan tauna, ya yanke farashi. Abin da ya zubo a hannun nan shi ne samfur. Buhunan gaba ɗaya kuma su ne abin da ake son sani.

Amma lura da gogaggen ɗan kasuwa, ba ya yarda ya soki bakin buhu kaɗai, kuma ba ya bari mai kaya ya nuna masa buhun da zai soka. Zai soki gindi, ya soki tsakiya, ya ce a jawo masa wancan na can ƙasan lodi. Saboda ya san algus, ya san ana zuba mai kyau a sama a ɓoye mai tsakuwa a ƙasa. To kaf ilimin ɗibar samfur da ake koyarwa a jami'a, da dogayen lissafinsa, ƙoƙari ne na hana daji ya yi maka algus, da kuma hana kai kanka ka yi wa kanka.

Turaku huɗu da igiya

Abin da ba ya motsi, kamar itace da ciyawa da ƙasa, shi ya fi sauƙi. Ana kafa turaku huɗu a ja igiya a fitar da fili mai kusurwa huɗu, sai a ƙirga duk abin da ya faɗo ciki. In ciyawa ce fili na mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi ya isa, galibi ma katako ne ko roba da aka riga aka haɗa ana ajiyewa a ƙasa. In itatuwa ne sai a faɗaɗa, a ce mita 20 kowane gefe. Kowane itace a rubuta irinsa, ɗorawa ce ko kaɗanya ko marke ko aduwa, sannan a zagaya shi da tef a auna kaurinsa daidai ƙirjin mutum, an ma tsayar da wurin, mita 1.3 daga ƙasa, don kar dogo ya auna sama gajere ya auna ƙasa a samu saɓani.

Ga yadda lissafin yake, da lambobin misali da na ƙirƙira don a gane. Hekta ɗaya ita ce mita 100 sau mita 100. Filin nan na mita 20 kashi ɗaya ne cikin 25 na hekta. A ce kun kafa irinsa guda 30 a wurare daban daban cikin daji mai hekta 1000, kuka samu itace 60 gaba ɗaya. Kenan kowane fili ya tashi da biyu, hekta ta tashi da 50, dajin ya tashi da wajen 50,000. Shikenan, daga nan lambar rediyo take fitowa. Ka ga itace 60 aka taɓa da hannu amma aka yi maganar 50,000, don haka in filayen nan 30 ba su yi kama da sauran dajin ba, kuskuren ma ninka shi ake yi.

Akwai kuma jan layi. A miƙe igiya ko a bi GPS daga bakin gulbi a nufi tudu, ana rubuta abin da aka tarar duk bayan 'yan mitoci. Wannan ya fi dacewa in ana son ganin yadda wuri ke sauyawa, daga laka zuwa fadama zuwa jigawa zuwa fako, don kowanne da irin tsironsa.

Abin da ya sa ake wahalar auna kauri, alhali ƙirga kawai aka ce a yi, shi ne lamba ita kaɗai tana iya kwantar maka da hankali a banza. Za ka shiga gonaki ka ƙirga kuka da ɗorawa da yawa ka ce alhamdulillahi akwai itace, amma in ka duba awon sai ka ga duk tsofaffi ne, ba ko ɗaya da bai kai cinyar mutum ba, saboda garma da awaki da wuta ba sa barin ƙanana su tashi. Garin da duk mutanensa 'yan shekara saba'in ne ai ƙidayar bana ba za ta nuna matsalarsa ba.

Zaɓen wuri, inda ake yin ɓarnar

Nan ne zan daɗe, don nan ne aka fi zamewa, har da ni.

Wata shekara na raka wani ɗalibi aikin furojek ɗinsa a wani ƙauye ta wajen Argungu. Mun fara gaida mai gari aka haɗa mu da ɗan rakiya, kwamfuta ta riga ta fitar mana da lambobin wuraren da za mu kafa turaku, mu dai bin GPS ne namu. Wajen ƙarfe ɗaya na rana, ga zafi kamar ana gasa mutum, sai na'urar ta kai mu tsakiyar wata sarƙaƙiya, ƙaya ko'ina, ba itacen kirki ko ɗaya sai sabara da 'yan kalgo. Taku kamar arba'in daga nan kuma ga wata tsamiya da kanya biyu, inuwa luf. Ni na fara cewa ai duk daji ɗaya ne, mu matsa can mana. Muka matsa. Muna cikin jan igiya sai ga mai gonar da ke gefe ya taho da gatari a kafaɗa, ya yi sallama ya ce, "Samari, mi kuka biɗa nan? Hala gwamnati za ta amshe muna wurin?" Muka ce a'a Baba, itace muke ƙirgawa don a san yadda dajin yake. Ya dubi tsamiyar, ya dubi sarƙaƙiyar da muka baro, ya ce, "To ɗana, in haka na, kun zaɓi wurin da ya fi ko'ina kyau. Duk kewayen ga ba inda ya kai nan itace, don nan muka hutawa ba mu bari a sare." Wallahi kunya ta kama ni. Da mun bar lambar nan a takarda, fili ɗaya ya ƙara wa dajin ɗaruruwan itatuwan da babu su. Haka muka kwashe turaku muka koma cikin ƙaya, muka rubuta sifili.

Shi ya sa hanya ta farko da ake koyarwa ita ce ƙuri'a. A yanka taswirar wurin gida gida, a ba kowanne lamba, sai a bar ƙuri'a ko kwamfuta ta zaɓa, ta yadda kowane gida yana da damar fitowa daidai da ɗan uwansa. Wasu in suka ji haka sai su ce ashe canki-canki ne. Ba haka ba ne. Ko a shari'a in mutane suka yi daidai wajen haƙƙi ana yin ƙuri'a don a cire son rai, to nan ma son ran ake gudu, don ƙafar ɗan'adam in ka sake ta inuwa take nufa da hanya mai sauƙi. Kuma jefa dutse ta baya a ce inda ya faɗi nan ne, da wasu ɗalibai ke yi, ba ƙuri'a ba ce, ai kai ka zaɓi inda ka tsaya kafin ka jefa.

Hanya ta biyu tsallake ce, wato ka zaɓi wurin farawa da ƙuri'a sannan duk bayan mita 200 misali ka kafa turaku. Tana da sauƙin bi kuma tana karaɗe ko'ina. Haɗarinta shi ne in wurin da kansa yana da tsari, kamar shukar dogon yaro da aka jera a layi, tazararka na iya dacewa da tasu ka yi ta faɗawa kan layin itace ko ka yi ta faɗawa tsakani.

Ta uku ita na fi so a irin ƙasarmu, ka kasa wurin tukuna. Fadamar Gulbin Rima daban, tudun Arewa da Dandi daban, duwatsun ƙasar Zuru daban. In ka haɗa su a buhu ɗaya ka yi ƙuri'a, fadama da ba ta da faɗi tana iya tashi da fili ɗaya ko ma babu, alhali nan rayuwar take. Sai a yi ƙuri'a cikin kowane kashi, in an zo haɗawa a ba kowanne nauyi gwargwadon faɗinsa.

Yanzu ga maganar da ba a cika faɗa ba. Ƙuri'a ba ta san akwai ɓarayin daji ba. In kwamfuta ta jefa ka tsakiyar dajin Kuyambana ko Sububu a Zamfara, wa zai je? Ba wanda zai ga laifin mai binciken da ya tsaya kusa da titi da gari don tsira da ransa. Laifin yana zuwa ne in ya dawo ya rubuta "dazukan jihar" alhali bakin hanya ya auna, inda masu itacen girki da gawayi suka fi kaiwa. Wannan shi ne sukar bakin buhu, kuma ko samfur dubu ya ɗiba a bakin titin ba zai gyaru ba, sai dai ya ƙara masa ƙarfin gwiwa a kan kuskure.

Abin da ke da fiffike ko wutsiya fa?

Kifi ba ya tsayawa cikin igiya. Dabarar da aka daɗe ana yi ita ce kama, yi alama, saki, sake kamawa. Wani masanin kifi ɗan Denmak mai suna Petersen ya yi aiki da alama a jikin kifi tun 1896, wani Ba'amurke Lincoln ya yi irin lissafin da agwagin daji a 1930, shi ya sa ake kiran hanyar da sunansu su biyu. Misali ka kama tarwaɗa 100 a tafki ka yi masu alama ka maida. Bayan kwana biyu ka sake kama 80, ka tarar 20 na da alamarka. Wato ɗaya cikin huɗu. To in masu alama 100 su ne kwatan tafkin, tafkin na da wajen 400. Lissafi mai daɗi, amma da sharaɗi: kar kifi ya shigo ko ya fita, kar alama ta goge, kar wanda aka taɓa kamawa ya koyi gudun raga. A tafkin rani da ya yanke daga gulbi zai yi aiki. A kogin Kwara wajen Yauri kuwa, ina, ruwa na tafe da kayansa.

Don haka a manyan ruwaye kamar tafkin Kainji, wanda ya samu bayan an gama dam ɗin a 1968 kuma ya taɓo har ƙasar Yauri da Ngaski, wata hanya ake bi. A fara ƙirga mashigai da jirage da irin kayan kamun da ake amfani da su, sannan a zaɓi wasu mashigai da wasu ranaku a auna abin da kowane jirgi ya fito da shi. Abin da ake kallo shi ne kamu gwargwadon wahala. In da can ragar kalli ɗaya a dare ɗaya na kawo kilo goma yanzu tana kawo huɗu, kifi ya ragu ko da kasuwar Yauri cike take, don masuntan ne suka ninka. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa irin aikinta kenan.

A nan ne mutane ke ruɗewa da bikin Argungu. Sai ka ji an ce ai kifi bai ƙare ba, ba ka ga giwan ruwan da aka fito da shi a Matan Fada ba? Bikin nan da ya faro a 1934 abin alfaharinmu ne, amma wuri ne da Sarkin Ruwa ke tsarewa a hana kamu, sannan dubban mutane su faɗa da koma da gora lokaci ɗaya, kuma mafi girma kaɗai ake ɗagawa sama. Zakaran gasa ba ya ba ka labarin gulbi, kamar yadda ɗan kokawar da ya yi kaye ba ya nuna maka lafiyar samarin garinsu.

Tsuntsaye kuma tsayawa ake a wuri ɗaya da sassafe minti biyar ko goma a rubuta wanda aka gani da wanda aka ji, ko a bi layi ana ƙiyasta nisan kowanne, saboda na kusa ba ya ɓuya amma na nesa rabi ake gani, sai lissafi ya cike giɓin. "Ban gani ba" da "babu" ba ɗaya ba ne. Lokaci ma na da tasiri, tsuntsayen ruwa da yawa baƙi ne daga Turai suke zuwa da hunturu, shi ya sa ƙidayarsu ta duniya, da aka fara a 1967, a watan Janairu ake yinta kowace shekara. Jan baki da ke addabar manoman shinkafa kuwa ba mai ƙirga shi ɗaiɗai, faɗin makwancinsa ake aunawa, a ƙirga sheƙa a 'yan itatuwan da aka zaɓa, a ninka.

Bayan an dawo gida da takardu

Abu na farko da kowa ke fitarwa shi ne matsakaici, a tara a raba. Amma matsakaici shi kaɗai gurgu ne. Filaye biyar masu itace 2, 2, 2, 2, 2 da wasu biyar masu 0, 0, 0, 0, 10 duk matsakaicinsu biyu ne, amma na farko za ka iya rantsuwa a kansa, na biyu kuwa da ƙuri'a ta kauce wa fili ɗayan nan da sifili za ka samu. Saboda haka mai bincike na gaskiya ba ya cewa 50,000 ya yi shiru, cewa yake tsakanin 38,000 da 62,000 misali, da tabbacin kashi 95 cikin 100. Hausawa sun ce ido ba mudu ba amma ya san ƙima, to wannan tazarar ita ce ke gaya maka ƙimar ta kusa mudu ko ta yi nisa. Abin haushi ita ce ke fara faɗuwa a hanya, kafin rahoto ya iso rediyo ko Facebook an yar da ita an bar lamba ɗaya tsirara.

Tazarar tana tsukewa in an ƙara samfur, amma da rowa. Kana son ka rage ta da rabi sai ka ninka aikin sau huɗu, daga fili 25 zuwa 100. Kuɗin mai da na ɗan rakiya da kwanakin da za a yi a rana ne ke yanke hukunci a ƙarshe.

Akwai wata zamba da mutum ke yi wa kansa ba da niyya ba, wani masani Hurlbert ya yi mata kaca-kaca a 1984 amma har gobe ana yi. Ɗalibi zai ɗebi ƙasa sau 50 a gona ɗaya mai takin gargajiya, sau 50 a gona ɗaya mai takin zamani, ya zuba a manhajar lissafi ta SPSS ya ce samfur 100 gare shi. Gona biyu gare ka malam. Wata ƙila ɗaya ta fi kusa da ruwa, ko tsohon masheƙarin shanu ce. Kamar ka tambayi mutum ashirin 'yan gida ɗaya ne ka ce ka ji ra'ayin gari.

Sai awon yawan iri. Gona biyu kowacce itace 100, iri biyar. Ta farko dogon yaro 96 da ɗaiɗai na sauran, ta biyu ashirin ashirin. A baki duk "iri biyar" ne. Lissafin Simpson na 1949 tambaya ɗaya yake yi, in ka rufe ido ka taɓa itace biyu, mene ne yiwuwar su zama iri ɗaya? A ta farko ya haura kashi 90, a ta biyu wajen 20. Na Shannon ma kusan abin da yake kamawa kenan ta wata hanyar. Wanda ke cin kuɗin kalwa da man kaɗe ya san bambancin gonakin nan ba sai an yi masa lissafi ba.

Abin da gubar dalma ta koya wa Zamfara

A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura yara na mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma da Abare, aka gano dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu. Masu auna ƙasa sun shigo da wata na'urar hannu da ake dannawa a ƙasa ta ba da lamba nan take. Mizanin Amurka a lokacin na wurin wasan yara shi ne kashi 400 cikin miliyan, a wasu wuraren aka tarar ya haura 100,000.

Abin lura shi ne gubar ba shimfiɗe take daidai ba, tana taruwa ne inda aka yi niƙa da wanki da shanya. Ɗauki misali gida ɗaya an auna wuri goma, tara sun ba da 200, ɗaya ya ba da 20,000. Matsakaici zai ce 2,180, kamar duk gidan ya lalace. In ka jera lambobin ka ɗauki ta tsakiya kuma 200 ce, kamar lafiya lau. Duk biyun ba su gaya wa uwa abin da take buƙata ba, wato wane lungu ne kar yaronta ya yi rarrafe. Shi ya sa aikin ya zama na bin gida gida, da tambayar masu gida ina aka ajiye injin niƙa, kafin a kankare saman ƙasar a zuba sabuwa, kamar yadda aka yi a Bagega a 2013. A irin wannan ƙuri'a kaɗai ba ta isa, don tambayar ta sauya daga "nawa ne a jimla" zuwa "ina yake".

To tauraron ɗan'adam bai raba gardama ba?

Ya taimaka ƙwarai, musamman inda ƙafa ba ta zuwa. Landsat na Amurka na ɗaukar hoton ƙasa tun 1972, kowane ɗigo a hotonsa na yanzu mita 30 ne, Sentinel-2 na Turai da aka harba a 2015 ya kai mita 10, kuma duk kyauta ake saukewa. A 2020 wasu masana sun haɗa hotuna masu kaifi da kwamfuta suka ƙirga itace sama da biliyan 1.8 a wani yanki na Sahara da Sahel ta yammacin Afirka, wurin da taswirori da yawa ke nunawa kamar ba komai.

Amma hoto kore yake gani, bai san shinkafa ce ko kachala ko kaɗanya ba sai wani ya je ƙasa ya tabbatar masa, kuma wuraren tabbatarwar nan ma samfur ne, mun dawo gidan jiya. Ga kuma gawo da ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, in ba ka san halinsa ba hoton watan Agusta zai ɓoye maka shi.

Sannan akwai tarkon kwatanta shekara biyu kacal. A 1975 wani masani Lamprey ya zaga arewacin Sudan ta jirgin sama ya kwatanta abin da ya gani da taswirar 1958, ya ce hamada ta matso kusan kilomita 100, wato fiye da biyar a shekara. Lambar ta zaga duniya. Daga baya hotunan tauraro na shekarun 1980 suka nuna iyakar tana gaba tana baya ne gwargwadon ruwan sama, shi kuma ya kwatanta lokacin damina mai albarka da bayan babban fari. Wannan ba ya nufin ƙasa ba ta lalacewa, duk wanda ya san Kangiwa ko Zurmi shekara talatin baya ya ga abin da ya gani da idonsa. Amma lambar da ake maimaitawa shekara da shekaru ba ta motsi, kamar mita 600 ɗin nan, ni dai ina ganin ta cancanci a tambaye ta daga ina take.

Ina ruwan talaka da duk wannan?

Masu cewa duk ƙarya ce suna da hujjarsu, sun ga an zo da mota an cike fom a gindin itace an tafi, ba su sake jin komai ba. Masu bincike su ma suna da tasu, ba kuɗi, ba tsaro, ga sufabaiza na jiran babi na huɗu. Ni inda nake tsaye shi ne hanyar tana da kyau, masu bin ta ne ke yanke, kuma sun fi yankewa in suka raina masu wurin. Basarke ya san watan da giwan ruwa ke hawa, Bafulatani ya san ciyawar da ta ɓace daga burtali, irin wannan sani shi ke gaya maka yadda za ka kasa wuri da lokacin zuwa, ko da yake ba shi zai zaɓar maka inda za ka kafa turke ba.

Lambobin nan kuma suna dawowa kanmu. Da su ake yanke inda jirgi zai yi feshin jan baki, maganin da ke kashe wasu tsuntsayen ma. Da su ake hana raga mai ƙananan ido ko a rufe ruwa wata kaza. In ambaliya ta ci shinkafa kamar ta 2020, ƙiyasin hektocin da suka nutse shi ke zama ma'aunin tallafi, ƙauyen da hanyarsa ta yanke ba a kai gare shi ba yana iya faɗuwa daga lissafi alhali shi ya fi shan wahala. Kebbi da Zamfara duk suna cikin jihohi 11 na shirin Babbar Katangar Itatuwa, suna kuma cikin shirin farfaɗo da ƙasa na ACReSAL da Bankin Duniya ya sa wa dala miliyan 700, kuma duk irin waɗannan ayyuka da alƙaluma ake auna nasararsu. In an ce an dasa itace kaza, wannan lissafin ranar dashe ne. Wanda ya fi shi amfani sai watan Afrilu, bayan awaki da zafin bazara sun gama nasu, a zaɓi layuka da ƙuri'a a ƙirga ramin da ke da rai da wanda ya koma rami kawai.

Na koma majalisa na yi wa Baba wannan bayanin a gajarce, har da labarin tsamiyar. Ya saurara har ƙarshe, ya ce to in sun sake zowa a gaya masu su fara da bayan makarantar firamare ta ƙauyensu, an dasa ɗari biyu bara waccan, shi da kansa ya ƙirga saura bakwai.